Yadda Na Mayar wa Maigidana Ƙibarsa

Lokacin da aka ba mu jiha, aka kwaso ma'aikata daga Kano aka zube a Dutse, maigidana siriri ne kamar sandar kiwo, irin jikin danginsa. Shekara tara a kan kujerar ofis, ga shayi mai kauri da safe, ga tsire da yamma, ga ni kuma ba na rowar mai a miya, sai ga mutum ya ajiye tumbi, har sunkuyawa ya sa takalmi ta zame masa aiki. Ni ko a jikina. Daɗi ma nake ji idan matan Yalwawa, unguwar da muke haya, suka ce na iya kiwon miji.

Wata Talata jiri ya kwashe shi a ƙofar ofis. Likita ya ce hawan jini ne da ciwon suga, in kuma bai rage jikin nan ba, kada ya sa ran ganin jikokinsa.

Na ɗaura ɗamara. Farar shinkafa ta bar gidan, tuwon alkama ya shigo. Kwaɗon zogale, wake da alayyahu, kunu ba sukari. Sai ya leƙa kwano ya ce, "Wannan abincin awakin har yaushe?" Ni kuma in ce, "Malam, ka taɓa jin jiri ya kayar da akuya?" Bayan sallar asuba yakan taka har gindin duwatsu ya dawo. Da farko masu babur tsayawa suke yi su rage masa hanya, a zatonsu motarsa ce ta lalace, don babu mai hankalin da zai bar mota a gida ya kama tafiyar ƙasa.

Cikin wata shida tela ya rage masa wanduna sau biyu. Kumburin ƙafa ya tafi, minshari ya tafi, likita har hannu ya ba shi. Ban taɓa alfahari da wani aiki nawa kamar wannan ba.

To amma shekarun ne rediyo ba ta da zance sai ƙanjamau, ciwon da samari ke kira kabari kusa. An kuma ƙaddamar da shari'a ba da jimawa ba, kowa ya zama alƙali a ƙofar gidansa. A sanin mutanenmu, mai jiki ba ya ramewa haka kawai, kuma hanya ɗaya suka sani da ake ɗaukar ciwon.

Mai aski ne ya fara. Ya ce masa daga yau ya riƙa zuwa da rezarsa. Sai majalisar da suke cin tuwon dare a faranti ɗaya: da ya sa hannu, kowa ya ƙoshi. Sai maƙwabciyata, wadda muke aron turmi da ita, ta shigo ta zauna nesa da ni, ta yi ƙasa da murya ta ce, "Hajiya, ke dai kin je an duba ki?" Na kore ta da tsintsiya a hannu, wannan ma aka ce ai mai gaskiya ba ya fushi. Malam ya ɗauki katin asibiti ya nuna wa abokansa. Suka ce Allah ya ƙara sauƙi, bayan idonsa kuma suka ce takarda ai sayenta ake yi.

Duk wannan ya shanye. Abin da ya karya shi a masallaci ya faru. Shi ke jan salla idan liman ba ya nan, shekara da shekaru. Ran nan ya matsa gaba, sai wani dattijo ya riƙo hannun rigarsa, ya tura wani.

Ya shigo gida bai ko cire hula ba, ya ce, "Dafa mini shinkafa, ki zuba mai."

Na ce, "Malam, ka manta abin da likita ya ce?"

Ya ce, "Ban manta ba. Gara in mutu ana min zaton alheri."

Zan so in ce na yi ta gardama. Ban yi ba. Ni ma na gaji da yadda mata ke janye 'ya'yansu daga namu. Da bakina na aika Aujara, gidan surukata, aka kawo man shanu kwalba uku. Ya daina fita da asuba. Na riƙa ɗura masa da hannuna, ina kallon wuyansa yana cikowa, ina murna, ina jin tsoro. Kafin wata biyar hannaye sun dawo cikin faranti, ana ta yi masa barka da samun lafiya.

Bai cika shekara biyu ba ya faɗi yana alwalar la'asar. Kwana uku ya yi bai yi magana ba, Allah ya karɓi abinsa.

Jama'a sun taru ƙwarai, har layi ya cika. Maƙwabciyar nan ta zo gaisuwa, ta zauna daf da ni, ta kama hannuna tana hawaye. Ta ce, "Allah sarki Malam. Mutum da jikinsa ɓul-ɓul, ko alamar ciwo babu. Allah ya jiƙansa."

Na ce amin.