Mai Tsaron Bayan Etelka

A garinmu Mogyoród, in lokacin babban tseren motoci ya zo, kowa da abin da yake samu. Wani ya ba da gonarsa baƙi su kafa tanti, wata ta kafa kaskon suya a bakin hanya. Etelka kuwa, mai ɗinkin labule ta bayan coci, sai ta zaɓi tsayuwa cikin rana a bakin wata kwanar hanyar tseren da tuta a hannu. Ni ke riƙe tukunyar kashe gobara a wurin masu tutar, don haka a bakin aiki na san ta.

Masu tuta bibbiyu suke tsayawa, suna fuskantar juna. Mai shuɗiyar tuta yana kallon inda motoci ke fitowa. Mai rawaya kuma ya ba su baya, idonsa na kan inda suka nufa, don in wata ta yi hatsari a gaba ya gargaɗi masu zuwa. In taya ta ɓalle ko mota ta ƙwace ta yo kansu, mai rawaya ba zai gani ba. Abokinsa ne zai fizge shi su zube ƙasa.

Tun tana da baƙin gashi Etelka ke riƙe rawaya, Vendel tsohon direban bas na riƙe shuɗiya. Ban taɓa jin sun yi wa juna magana mai daɗi ba.

"Ke tsohuwa, matsa gefe, kin tare min rabin Hungary."

"Kalli hanya, mai ƙaton ciki. Ba kallona aka kawo ka yi ba."

Amma da ƙarar injin ta taso, sai ka ga ta juya ta ba motocin baya kamar mai jiran ruwa ya tafasa. Ƙasa na rawa, mu maza muna ƙifta ido, ita ko gezau. Jikokinta kan tambaye ta yadda gaban motocin yake, ta ce su tambayi talabijin, ita bayansu kawai ta sani. Wallahi matar nan tana burge ni.

A bazarar bara idon Vendel ya fara hazo. Bai gaya wa kowa ba, don tun rasuwar matarsa wannan kwanar ce kaɗai ta rage masa. Ni ban lura ba. Ashe Etelka, da fuskarsa ke gabanta yini guda, ta ga yadda yake runtse ido yana miƙa wuya.

Ranar Juma'ar babban tsere, kafin motoci su fito gwaji, muna cin burodin da ta gasa mana, sai ta nuna can saman hanya.

"Vendel, mutumin can mai shara, hularsa wace kala ce?"

Ya duba, ya daɗe. "Ja."

Mutumin ko hula babu a kansa. Na ce a raina yanzu za ta kira shugabanmu a rediyon sadarwa, ko ta ƙi juya baya, wanda a wajenmu ya fi zagin uwa ciwo. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta karkaɗe hannunta, ta ɗauki rawaya, ta tsaya a wurinta.

"Na sani tun farkon bazara," ta ce. "Ba zan kai ƙararka ba. Ga bayana nan, kai ka san abin da za ka yi da shi."

"Tun farkon bazara? Duk ƙananan tseren nan kina sane kike juya min baya?"

"Jira nake ka faɗa da bakinka. Waɗannan na yau sun fi waɗancan gudu, shi ya sa na tuna maka."

Na ce, "Inna Etelka, wannan ai ganganci ne!"

"Kai riƙe tukunyarka, ba da kai nake ba."

Can ƙasa aka tayar da injin farko. Vendel ya tsaya da shuɗiya, gumi na bin wuyansa, yana kallon hanya yana kallonta. Ita ko waige ba ta yi ba. Tsoro ya kama ni sosai, har na kai hannu kan rediyo. Ƙarar na hawowa tudu sai na ji Vendel ya danƙa min sandar shuɗiyar tuta a hannu.

"Karɓi, Zsolt. Tsaya nan. In ka ɗauke ido daga hanyar nan, ni zan kashe ka."

Ya matsa baya, ya zauna kan akwatin kaya, ya karɓi rediyon ya kira shugaba da kansa. Na ji yana cewa a turo wani, shi ya gama.

Motar farko ta wuce mu, iskarta ta kaɗa rigar Etelka. Yanzu fuskarta tana gabana, ni kaɗai nake ganinta. Hawaye ne ke zuba har haɓarta, tutar kuwa ko rawa ba ta yi a hannunta.

"Me kake kallo?" ta daka min tsawa. "Kalli hanya!"