Man Shanun da Muka Ƙara wa Inna

Yau shekara shida ke nan da rasuwar Inna, mahaifiyata, a Yola ta Karaye. Ba zan tsaya dogon yabo ba, kowa ya san darajar uwarsa. Abin da ya hana ni sukuni zan faɗa.

Inna 'yar masu shanu ce. A wurinta, tuwon da ba man shanu wulaƙanci ne ga mai ci. Takan lotsa malmala da babban yatsa, ta cika ramin da mai, ta tsaya a kanka sai ka cinye. Nata kuwa har kitsen rago take haɗawa.

Shekara biyu kafin ta rasu ta fara mantuwa. Ta sa gishiri a miya sau uku. Ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta daɗe a ƙasa. Goggo Hanne, yayar babanmu, ta zo daga Zoza ta dube ta, ta ce, "Kanta ne ya bushe. Ku ƙara mata mai ya jiƙa." Muka ƙara. Ni ce mai zubawa, ludayi biyu, safe da yamma.

Bana na ji wata likita a rediyo tana cewa sashen ƙwaƙwalwa mai riƙe abin da mutum ya koya yakan ci gaba da fitar da sababbin ƙwayoyin halitta ko bayan an girma, kuma a ɓerayen gwaji yawan maiƙo yana rage fitowarsu. Ta ce ba a gama tabbatarwa a kan ɗan Adam ba. Wannan bai kwantar min da hankali ba. Ajali na Allah ne, na sani. Amma ludayin a hannuna yake.

Da Inna na nan, dariya za ta yi: "Ke Talatu, yaushe kika zama ɓera?"

Ni dariyar ta ƙi zuwa. Makon jiya na tsaya a tsakar gida riƙe da murfin tukunya, na rasa abin da ya fito da ni. Maigidana ya ce kowa na yin haka. To. Mu ma haka muka ce da farko.

Abin da na gada wurinta shi ne hannun nan. Jiya na zuba wa 'yata tuwo, kafin in ankara yatsana ya lotsa ramin. Na tsaya da ludayi a sama, ta ɗago kai ta ce, "Umma, zuba mana." Rabi na zuba.

Allah Ya jiƙan Inna. Ni kuwa Ya bar min sunan 'yata a kaina.