Makon da Uwar Baba Sigina ta Yi Jan Ƙafa

Ku da kuka san Baba Sigina kun san ba ya taɓa kwamfuta sai ya cire hula ya gaishe ta. "Uwa, ina gajiya?" Uwa ita ce tsohuwar kwamfutar da ke ƙuryar ofishin ɗan asibitinmu a Kafanchan. Ita ke riƙe da layin tarho, ita ke raba wa sauran kwamfutoci huɗu saƙo. Shekara talatin ya yi yana aikin sigina a reluwe kafin ya koyi wannan sana'a da furfurarsa, shi ya sa komai a wurinsa jirgin ƙasa ne.

Ni mai shara ne a lokacin, ina zuwa ajin yaƙi da jahilci da yamma. Tsoronsa nake ji ba kaɗan ba! Da ya ji ina koyon rubutu sai ya miƙo min littafi. "Bitrus, duk abin da na yi wa Uwa, rubuta. Ko tari ta yi, rubuta."

Ba ya yar da komai. Tsofaffin faya-fayan kwamfuta suna cikin gwangwanin madara a ƙarƙashin teburinsa. Na taɓa share wani guntun waya da bai kai yatsa ba, ya sa na tone bola har na samo shi. Na ce, "Baba, me za ka yi da shi?" Ya ce, "Ban sani ba tukuna. Shi ya sa nake ajiyewa."

Wata Talata saƙo ya fara jan ƙafa. Takardar da ke isowa kafin ka gama kurɓar shayi sai ta cinye rabin yini. Sista Rifkatu, shugabar masu jinya, ta shigo tana huci. "Bitrus ne! Na gan shi da tsintsiya a bayan wayoyi. In bai gyaru ba ran Juma'a, ya ajiye tsintsiyar ya tafi gida." Wayyo! Yara biyar gare ni, kuma ni kaina ban tabbata ba ni ba ne.

Baba ya ciro agogonsa na reluwe. Ya aika saƙon gwaji daga kowace kwamfuta zuwa Uwa yana ƙirga daƙiƙa. Ya bi waya taku-taku kamar mai duba layin dogo. Ya zargi ɓera, ya zargi damina, ya canza waya, duk a banza. Duk sanda ya ɗago ya kalle ni, sai in sunkuyar da kai in ci gaba da shara.

Ran Alhamis da rana na buɗe littafin nan ina bin rubutuna da yatsa. "Litinin. Baba ya sa wa Uwa sabon kanel." Kanel, in ji shi, shi ne direban da ke cikin injin. A ƙasa kuma: "Talata. Uwa ba ta gudu." Wa zai gaya wa Baba Sigina cewa aikinsa ne?

Na rusuna na ce, "Baba, ko za ka duba min rubutuna, ko da kuskure?"

Ya karanta. Ya sake karantawa. Na fara addu'a a zuci.

"Wa ya ce ka rubuta wannan?"

"Kai ne, Baba."

Ya jawo gwangwani, ya lalubo faifan tsohon kanel, ya mayar wa Uwa, ya kunna. Saƙo ya wuce fit! Ashe sabon ne bai jitu da wani tsohon ƙarfe da ke cikinta, mai haɗa ta da wayoyi, ba.

Sista ta leƙo. "Baba, me ya faru?"

"Sabon direba ne bai san hanya ba. Na sallame shi."

"To, Bitrus fa?"

"Ki bar Bitrus. Shi kaɗai ne mai karatu a ofishin nan, har da ni."

Da bakinsa bai taɓa ce min in yi haƙuri ba. Cewa ma ya yi rubutuna kamar sawun kaza. Amma na yi shekara tara ina aiki a wurin bayan haka, kuma ba wanda ya sake ɗaga min murya yana kusa.

Ya Ubangiji, yadda ya tsaya min ranar da ba ni da kowa, ka tsaya masa. Ka ba shi hutawa. Amin.