Wa Zai Wanke Kure?

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, wasu ma da gangan na manta da su. Amma abin da ya shiga tsakanina da wani tsoho mai ga-ruwa a kan labarin Kure, har ƙasa ta rufe mini ido ba zai bar zuciyata ba.

Ni ba wani mai ilimi ba ne. Lakwal ɗin ma, wato makarantar boko, ban gama ba, mushe malaminmu ya ce kaina ba ya ɗauka, ni kuma ban yi masa gardama ba. A lokacin ina da ƴar rumfa kusa da kasuwar dabbobi a nan Dakoro, ina cajin salula, ina zuba wa mutane waƙoƙi da wa'azi a kati. Zaman banza tsakanin kasuwa da kasuwa ne ya sa na fara ƙaga labari ina ɗauka da muryata. Labarin dabbobi ne, amma ba irin tatsuniyar kaka ba. Nawa dabbobin da ƙafa biyu suke tafiya, suna naɗa rawani, suna dafa shayi, suna zuwa masallaci wutsiya na leƙowa ta ƙarƙashin riga. Ranar kasuwa sai in kunna sabon kashi a lasifika, wanda ya ji daɗi in zuba masa a kati.

Wanda labarin ya tsaya a kansa shi ne Kure, namijin kura, mai wata rijiya can arewa. Duk wanda ya taɓa kiwo ya san dokar rijiya: baƙon da ya iso da ƙishirwa ba a hana shi ruwa, ko maƙiyinka ne. Sai ya sha tukuna a tambaye shi daga ina. Kure kuwa, a wata shekarar fari, Tunkiya ta iso da ƴaƴanta ya kore su, ƙaramin ya mutu a hanya. Na yi shi mugu sosai, yana ƙyalƙyala dariya yana dalalar da miyau. Mutane suna tsine masa, ni kuma ina jin na iya.

Tsohon nan ba shi da salula. Yakan sauke sandar tallarsa da garwa biyu a gefen rumfa, ya tsuguna ya saurara. Na lura wasu tsofaffin makiyaya ba sa sayen ruwansa ko da maƙogwaronsu ya bushe, amma ban tambaya ba. Ba ruwana da kowa nake, har yanzu ma haka nake.

Wata rana da mutane suka watse sai ya matso.

"Ɗana, wanga Kure naka ƙarya ne."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Baba, dama kura mai rawani gaskiya ce?"

Bai yi murmushi ba. Ya ce rawanin bai dame shi ba, dariyar ce ƙarya. "Wanda ya hana ruwa ba ya dariya. Ba ya ma duban fuskar baƙon. Igiya yake kallo."

Na so in sallame shi, amma maganar igiyar ta riƙe ni. Na dafa masa shayi. Ya ce in duba yadda igiya ke ƙara tsawo kullum idan rijiya ta fara ja baya, yadda wasaki, wato gugan fata, ke fitowa rabi ruwa rabi laka, yadda mai rijiya ke kwana yana lissafin bakunan gidansa. Ya tambaye ni ko Kure na da ƴaƴa. Na ce ban yi tunani ba. Ya ce to ai ban san shi ba ke nan, na tashi ina zaginsa.

Daga ranar ya zama kusan kullum sai mun zauna. Ni ke ƙagawa, shi ke gyarawa. Muka ba Kure ƴaƴa. Muka sa yana da hannun kyauta kafin farin, wanda gidansa ba ya rasa baƙo. Da na ga abin ya fara daɗi sai na so in wanke shi, in ce bai san ɗan Tunkiya na ciwo ba. Tsohon ya buga ƙasa da tafin hannu. Ya ce Kure ya sani, ya ji numfashin yaron, kuma ruwan da ke cikin komin shayar da dabbobi a ranar zai ishi gida biyu. Tsoron gobe ne ya hana shi, da kuma girman kai, don baƙuwar ta roƙe shi a gaban mutane bayan ya riga ya ce a'a, ya ga kunya ce ya janye. Ya ce in na cire wannan na sake yin ƙarya, ta biyu kuma ta fi ta farko muni.

Haka muka kai labarin inda rijiyar ta ƙafe duk da haka, ƴaƴan Kure suka watse, shi ya shigo gari ya zama mai ga-ruwa, yana cika randar masallaci da asuba kyauta, waɗanda suka san shi suna zubarwa su ɗebo wani. Da ya faɗi wannan ban ɗago kai ba. Na riga na gane, shi ma ya san na gane. Ba mu taɓa furtawa ba.

Wani dillalin shanu ne ya furta. Ranar kasuwa ce, rumfa ta cika, har da mutanen Korahane da suka kawo awaki. Ana cikin sauraron wurin randar masallaci sai dillalin ya fashe da dariya ya nuna tsohon da sanda.

"Ai wanga Kure mun san shi. Ga shi nan tsugune, wutsiya kawai ya rasa."

Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Na kai hannu zan kashe lasifikar. Tsohon ya miƙe a hankali, yana dafe da sandar tallarsa.

"Ni ne," in ji shi. "Yaron wata baiwar Allah ne ya mutu, ba ɗan tunkiya ba. Ku bari labarin ya ƙare."

Ya koma ya tsuguna. Aka saurari kashin har ƙarshe. Bayan nan kuwa kowa ya zama malami a kaina. Wannan ya ce a jefa Kure cikin rijiyar, wancan ya ce a bar ungulu ta ci shi, ai haka ake yi wa kura tun kaka da kakanni.

Washegari tsohon ya zo da hantsi, ba talla. Ya rame ƙwarai a lokacin, tari ya kama shi. Ya tambaye ni yadda zan ƙare. Na ce na yanke shawara Tunkiya za ta dawo ta yafe masa, kowa ya mutu don haushi. Na zaci zai ji daɗi. Sai ya girgiza kai.

"Kada ka sa ta yafe. Ba ta yafe ba, kuma kai ba ka da ikon yafewa a bakinta. Abu ɗaya nake tambaya. In Kure ya mutu, wa zai wanke shi?"

A nan na gane abin da ke kawo shi rumfata duk watannin nan. Ba yabo yake nema ba. So yake ya ji ko mutum irinsa zai samu wanda zai zuba masa ruwa a kai shi kabari kamar kowane Musulmi.

Na daɗe ina juya abin kafin in samu. Jaki na sa. Jakin da ya ja igiyar wasaki a ranar, ya ga komai, bai ce uffan ba. Shi ya tarar da gawar Kure a zaure, ya ɗebo ruwa ya wanke shi, yana yi yana faɗa masa laifinsa ɗaya bayan ɗaya, bai rage ko ɗaya ba, bai kuma bar gaɓa ko ɗaya ba wanka ba.

Da na kunna wa tsohon shi kaɗai, ya saurara har ƙarshe ido rufe. Abin da ya ce kawai shi ne Jakin ya yi ɓarnar ruwa, rabin wannan ma ya isa. Sai ya share fuska da bakin rawani ya tafi.

Wannan kashi ya yi tafiyar da ban taɓa zato ba. Har daga Sabon Maci da Adjekoria ake zuwa da kati a ce in zuba mutuwar Kure. Mata suna kuka. Shi kansa dillalin na gan shi da idona yana jan hanci yana cewa hayaƙin gawayi ne.

Da damina ta faɗi tsohon ya rasu, a wani kango da yake kwana. Na zaga kasuwa rumfa rumfa ina faɗa. Wannan ya ce yana da ciniki, wancan ya ce Allah ya jiƙan Musulmi ya ci gaba da shan shayinsa. Mutanen da suka yi wa Kure kuka ke nan fa, su ɗin dai, ba wasu ba. Ni na ɗauki tallarsa na ɗebo ruwa da garwarsa. Liman ya nuna mini yadda ake yi, don ban taɓa wankan gawa ba. Na yi ƙoƙari ban yi ɓarnar ruwa ba. Da aka tsaya salla, sahu ɗaya bai cika ba.

Ban sake ƙaga labari ba tun daga nan, rumfar ma na sayar. Amma na fita da abu biyu. Idan za ka gina mugu a labari, sai ka san abin da yake so da abin da yake tsoro, kada ka rage masa laifi, kada kuma ka yafe masa a madadin wanda ya zalunta. Iyakarka ka samo masa mai wanka. Na biyun ya fi ɗaci. Mutane suna da hawayen da za su zubar wa mai laifi, amma sai in yana da wutsiya, yana cikin kati, ba zai buƙaci su tashi su ɗauki makara ba.