Tsamin da Inna ta zo da shi daga Dahome

Mahaifiyata mai masa ce a Bagudo, kuma tukunyar ƙullunta ba ta san wanki ba. In ta gama suya sai ta rage ludayi guda a gindin tukunya, da yamma ta zuba sabon ƙullu a kai. Kafin safiya ya taso, ya yi idanu, yana huci. Wannan ragowar ita muke kira tsami. Kakata ce ta ɗibar mata a 'yar ƙwarya ranar da aka kawo ta aure daga wani ƙauye na Dahome, ƙasar da ake ce wa Benin yanzu.

Inna takan ce abin nan rai gare shi, haihuwa yake yi. Ni dariya nake mata. Sai da na tsufa jikata mai karatun kimiyya ta ce min ai ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, ɗiya tana tsirowa a jikin uwa kamar ƙurji, ta girma ta ɓalle, ita ma ta tsiro da tata. In ba a ba su sabon gari ba, yunwa ta gama da su.

A daminar shekarar da aka samu 'yancin kai zazzaɓi ya kwantar da Inna. Ina gidan mijina a Zagga, labari bai iske ni da wuri ba. Da na zo na buɗe tukunyar, wata farar yana ta rufe saman ta yamutse, gefe duk baƙar funfuna, ga wari mai hawa kai. Na kai mata ta gani. Ta daɗe tana kallo, domin kakata ba ta jima da rasuwa ba.

Maƙwabta suka yi ta aiko da nasu tsamin, tana mayarwa.

"Inna, tsami ai tsami na," na ce mata.

"Ke wagga, yi man shiru," ta ce, don ba ta kiran sunana, ni ce ta fari. "Wancan na uwata na. Ba ni son na kowa."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Tanda a kife, masu saye sun koma wani gida, ƙannena suna kwana da kunu, ita kuma ta kafe. Inna in ta ƙi abu, ko jaki ya sallama mata. Ta ce ƙanwarta da ke Dahome tukunya ɗaya aka ɗibar musu, can za ta. Ƙafarta ko ƙwari ba ta yi ba, dole na bi ta.

Muka shiga ayarin masu jakuna. Ta ƙulle ɗan gari a bakin zane, wai abincin tsamin a hanyar dawowa. A iyaka wani jandarma ya leƙa ƙwaryarmu ya ga wayam, ya yi mana Faransanci, muka yi masa Hausa, ya gaji ya ce mu wuce.

Ƙanwarta ta tarbe mu da murna, ta soya mana masa fara sol, mai laushi. Inna ta gutsura, ta tauna, ta ajiye.

"Ina tsamin uwarmu?" ta tambaye ta.

"Haba Yaya, wa ka wagga wahala yanzu? Wurin mai burodi nika sayen yisti, nan da nan ƙullu shi tashi. Tukunyar ma na wanke ta tun bara, ruwa nika zubawa ciki."

Ban taɓa ganin Inna ta yi kuka a gaban mutane ba, ranar ma ba ta yi ba. Tashi ta yi ta je ta sa kanta cikin tukunyar tana shinshinawa. Ni ce na fita bayan ɗaki na yi kukan.

Muka dawo da yisti a ƙunshin takarda, don yara ba sa cin zuciya. Ta hura wuta ta koma suya, masu saye suka dawo. Wani dattijo da ya daɗe yana cin masarta ya tsaya a bakin tanda yana lashe yatsa.

"Wallahi wagga ta hi ta da daɗi," ya ce.

Inna ta ce masa madalla, ta juya masar da tsinke. Daga ranar har ta bar duniya, ba ta ƙara kai masa bakinta ba, ni ko ƙannena take miƙa wa ta farko mu ɗanɗana mata gishiri.