Kawu Mani Duba-gari da Abujarsa

Ku da kuka san Kawu Mani kun san ba ya gaida mutum sai ya fara gaida randarsa. Zai yi sallama, a amsa, a shimfiɗa masa tabarma, shi kuwa ya zarce gindin randa ya ɗaga faifai, ya leƙa, ya shinshina. Daga nan ya zagaya bakin rariya ya tsaya yana girgiza kai. Sai ya gama duk wannan kana ya juyo ya ce, "To, kun tashi lahiya?" Wallahi har gidan gaisuwar mutuwa haka yake yi!

Saboda yaran da suka taso daga baya: Kawu ƙanen Innarmu ne, haifaffen Kurfi. Aikin duba-gari ya yi a ƙaramar hukumar da ke tsakiyar Abuja, tun garin rabinsa daji ne har ya yi ritaya. Ya dawo mana da akwatin ƙarfe, da kaki kala biyu, da usur, da magana guda wadda ba ta barin bakinsa: "A Abuja ba a haka."

Inna ce ta fara ɗanɗanawa. Ya tarar ta ɗaure awakinta dab da murhu, sai ya zauna ya rubuta takardar gargaɗi, wai kwana bakwai ya ba ta ta sauya musu wuri, ya liƙa a ƙofar ɗakinta.

Inna ta ce, "Mani, ni fa na goya ka. A tsakar gidan ga na wanke maka kashi. Lokacin ina takardarka take?"

Ya ce, "Yaya, zumunci daban, aiki daban."

Ranar da wa'adi ya cika sai ga shi cikin kaki, an dage guga. Inna ta miƙa masa ƙunshin ƙosai mai zafi. Ya zauna ya tashi da shi tas. Da ya zo goge hannu sai ya ga rubutunsa: takardar gargaɗin ce, ta sha mai har ana ganin rana ta cikinta. Ya yi gyaran murya, ya ce, "An ƙara miki kwana bakwai." Awakin nan har jikokinsu a wurin aka haife su.

Bai daddara ba. Ya sayo fenti ya bi unguwarmu gida-gida yana sa lamba, lunguna kuma ya raɗa musu suna, Titi na Ɗaya, Titi na Biyu. Ranar ɗaurin auren 'yarsa Hajara, dangin ango suka taso daga Dutsin-Ma, suka kira shi a waya ya yi musu kwatance. Ina tsaye na ji yana cewa, "Ku shigo Titi na Uku, gida mai lamba goma sha huɗu. Ba ku ɓata." Bayin Allah suka yi ta kewaya gari. Duk wanda suka tambaya sai ya ce, "Titi na Uku? A nan Kurfi?" Daga ƙarshe wata mai fura ta ce su faɗi sunan mai gidan. Suka ce Malam Mani.

Ta ce, "Au, mai leƙen randa! Ku ce haka mana. Ku bi bayan kukar can."

Da labari ya kai kunnen Kawu, ko shinkafar biki kasa ci ya yi. Yana ta faɗin, "Ƙuruciyata duka na ba gwamnati, amma adireshina ya koma randa!"

Akwai kuma ranar kasuwar Dutsin-Ma da na raka shi. Wani Bafulatani ya koro garke ya ratsa ta tsakiyar hanya, Kawu ya zaro usur ya busa, wai sai shanun sun bi ta gefe a jere. Makiyayin ya dogara sandarsa ya ce, "Baba, gaya musu da kanka, ni ba su jin tawa." Kawu ya tako gaban wani bijimi mai ƙaho kamar reshen gawo, ya sake busawa. Ban ga yadda aka yi ba. Kafin in kifta ido sai hango shi na yi can saman buhunan masara a bayan wata mota, takalmi ɗaya a ƙasa.

Na ce, "Kawu, gudu ka yi?"

Ya ce, "Kai, rufa mini baki. Hawa na yi in ga yawansu."

Mu dai dariya muke sha. Matarsa Gwaggo Rabi, wadda ta zauna da shi can Abuja, ita ce wata rana ta ce mana, "Ku ƙyale shi. Can ma haka ya ishe su da 'A Kurfi ba a haka.' In hadari ya haɗu sai ya tsaya bakin ƙofa yana tambayata ko an yi shuka a gida." Tun ranar na rage tsokanarsa.

Da ƙafafunsa suka fara gazawa, ya kira ni ya ce, "Sani, kai ni in ga ofis." Na ɗauko shi a motata. Ya sa kakinsa, ya yi masa yawa kamar na aro. Muna shiga Abuja ya karɓe kwatance: "Yi dama, akwai wani mangwaro." Babu mangwaro, gadar sama ce. Sau uku muna ɓata a unguwar da yake rantsuwa ko ido rufe zai zagaye ta.

A bakin sakatariya wani matashin maigadi ya ce, "Baba, wa kake nema?" Kawu ya kira sunan mutum huɗu. Biyu sun rasu, ɗaya ya koma garinsu, na huɗun ma maigadin bai taɓa jin sa ba. Ya dai yi kirki, ya kawo masa kujera. Kawu ya zauna yana kallon masu shige da fice, ba wanda ya waiwayo. 

Mun zagaya baya neman abinci, sai wata tsohuwa Bagwariya mai sayar da tuwo ta ƙura masa ido, ta saki ludayi ta buga ƙirji. "Ɗan Kurfi! Kai ne? Kana duniya? Mai ƙwace mini tukunya!"

Kawu ya ce, "Ladi! Ai ƙudajenki ne suka jawo miki."

Ta juyo ta ce mini, "Sau uku yana tafiya da miyata. Amma ranar da ɗana ya suma, shi ya ɗauke shi a babur ya kai asibiti." Ta cika masa kwano. Suka zauna suna lissafa wa ya mutu, wa ya tashi, wace bishiya aka sare. Yana dariya, hawaye na gangara cikin gemunsa, bai ko share ba.

A hanyar dawowa sai ga duwatsun Dutsin-Ma sun bayyana. Ya dafa hannuna ya ce, "Rage gudu, Sani. Bari in kalli gida da kyau."

Bayan an kai amfanin gona gida a shekarar Allah ya karɓi abinsa.

Allah ya jiƙan Kawu Mani, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka makwancinsa. Bawan Allahn da ya rayu zuciyarsa rabe tsakanin gari biyu, Ubangiji ka saukar da shi a gidan da ba zai ƙara kewar ko'ina ba. Amin.