Malama Rosaline da Kalmomin da Ta Ba Mu Riƙo

Kowace safiya Malama Rosaline takan baro Wusasa a bas, ta sauka a Ƙofar Gayan, ta ƙarasa makarantarmu a ƙafa. Lema a hannu, leɓɓanta na motsi. Masu sayar da koko sun daɗe suna zaton addu'a take yi. Mu da ta koya wa Ingilishi mun san tsofaffinta take gaisarwa, wato kalmomin da Turawa da kansu suka daina faɗa.

"Kalma ma tana tsufa," takan ce, "'ya'yanta su watse su bar ta a ɗaki ita kaɗai." Don haka duk yarinyar da ta shigo ajinta sai ta ba ta riƙon ɗaya, kamar yadda ake ba goggo riƙon 'ya. Sharaɗin shi ne ki san ma'anarta, ki nemo danginta a Faransanci da Italiyanci da Latin, ki riƙa kiran sunanta.

Khadijat ta Limancin Kona ta samu succour, wato ɗauki. Adama ta samu orison, addu'a. Ni kuwa dolour aka ba ni, raɗaɗi, kuma ban yi shiru ba.

"Haba Malama, duk ajin nan ni za a ba ciwo?"

"Raihana, bakinki ba ya hutawa. Ba za ta yi kaɗaici a wurinki ba."

Sai ta zana mini gidan su dolour a allo: yaya douleur a Faransa, ƙanwa dolore a Italiya, kaka dolor a tsohon Rum. Idan rana ta take tana jero su a hankali, nakan lumshe ido in ga waɗansu tsofaffin mata masu kama ɗaya zaune a wani soro, sun zo daga hayin teku suna tambayar juna gajiyar hanya. Abu ɗaya ke ɓata mata rai, a lissafa dangi a tsallake kaka. Nan take za ta ƙwanƙwasa tebur.

Mahaifin Adama, malami ne a Kusfa, ya taɓa zuwa ya ji abin da ake sa 'yarsa maimaitawa. A idonmu shi da Malama suka tsaya gindin darbejiya, yana kawo mata dangin Larabci a Hausa, tana kawo nata, har aka buga ƙararrawa. Ya tafi yana cewa, "Ashe kalmomin Turawa ma suna da nasaba."

Bara, bayan ta yi ritaya, hawan jini ya shanye mata ɓarin jiki, ya tafi da maganarta. Likita ya ce kalmomin suna nan a ciki, amma in aka bar ta cikin shiru za su iya rufewa har abada. Khadijat, wadda yanzu nas ce, ta bi mu gida gida. Muka riƙa zuwa Wusasa ran Asabar da la'asar, manyan mata, wasu har da jikoki, kowa ta zauna a tabarma ta gabatar da 'yar riƙonta. Malama ta dube mu kawai. Makonni suka shige haka, kuma na ji tsoro ƙwarai.

Wata Asabar Khadijat ta raɗa mini, "Yau ki tsallake kaka."

Na ce, "Dolour. Douleur. Dolore." Na kama bakina. Ban taɓa yin shiru mai wuya irin wannan ba. Yatsun Malama masu lafiya suka soma ƙwanƙwasa hannun kujera. Leɓɓanta suka motsa irin motsin da muka sani a Ƙofar Gayan.

"Do... lor."

Adama ta rufe fuska da mayafi. Ni kuwa kuka na yi a fili.

Malama, uwar marayun kalmomi, ke ce kika koya mana cewa abin da ya tsufa ba a barinsa shi kaɗai a ɗaki. Mun gode, Allah Ya ƙara sauƙi, Ya saka miki da alheri. Malaman yau, ku ba yara abin da za su riƙe, ba abin da za su zubar a takardar jarrabawa kawai ba. Ku kuma 'yan ajinta, duk inda aure ko aiki ya kai ku, wadda ke riƙe da kalma ta kawo ta Wusasa ran Asabar. Har yanzu akwai kakanni da yawa da Malama ba ta kira ba.